Kwanan Gaɓa

Ranar Talata aka taɓa doka.
Ba ganga, ba mai shela,
saƙo ne kawai ya faɗo cikin wayoyi
muna zaune a shagon cajin Arzika, bayan tashar Yelwa,
inji na tari, sauro na karɓar haraji.

Wai gwaji ne na mako guda:
runduna in ta iso kogi
sai ta kwana a gaɓa, zagaye ɗaya,
kuma ba a ƙetarewa da fiye da tuta uku.
Wadda aka datse wa hanyar guzuri
taku ɗaya za ta yi, kamar mai kaushi.

Arzika ya doki benci.
Shi da ya ci garuruwa tara da ƙetaren dare,
ya kwashe wani ɗan ƙasar sanyi yana barci,
ya ce, "Wannan ba gyara ba ne, dabaibayi ne.
Wa ya taɓa yin sallama kafin hari?
Sun ga muna cinye su, sun toshe gurbin dara."

Hajo mai cirar kuɗi ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ita ce gwanarmu, ko da bakinmu na nauyin faɗa.
Ta ce, "Ni ba sauri nake wa kuka ba.
Dokar nan ta mai zaune ce.
Wanda ya riga kama tudu ya gama wasa,
ya miƙe ƙafa, mu ƙone data muna kallon ruwa.
In dole a kwana, a bar mai kwana ya haƙa rami,
kada a tsince shi a fili kamar kifin shanya."

Malam Nomau na lissafi
ya zana allon a bayan kwalin sabulu,
ya ƙirga, ya goge, ya sake ƙirgawa,
ya ce yaƙin kwana huɗu zai koma shida da rabi.
Ba wanda ya tambaye shi.

Ni kuwa jirgi nake ja zuwa Rofiya,
shekara goma sha ɗaya da igiyar inji a tafina.
Na daɗe ina jin kunyar wasan nan
duk sanda na ƙetarar da mutum dubu da ɗan yatsa,
ba wanda ya tuɓe takalmi,
ba wanda ya kira sunan Allah a tsakiya.
Na ce musu kogi ba shuɗin zane ba ne.
Na san nauyin buhun masara ɗaya da ya wuce ƙima,
na san shirun da katako ke yi kafin ya sha.
Ban ambaci sunan kowa ba.

Arzika ya ce, "To ai wasa ne, Bagudu."
Na ce, "Shi ya sa. Ko a nan a jira."

Aka buɗe ƙuri'a.
Mu huɗu daga Yauri cikin dubban da ba mu san fuskarsu ba:
a'a biyu, i ɗaya,
Malam ya rubuta hujja shafi guda, sabis ya ɗauke da ita.

Safiyar Alhamis sai ga Arzika a mashiga,
da janareto a kai, zai kai wa mai gyara a ƙetare.
Jirgi ya riga ya zauna daidai jan fentin da na shata.
Ya ce, "Ni kaɗai ne fa."
Na nuna masa fentin.
Ya dube ni, ya dubi mata da tulin albasa,
ya sauke kayansa a yashi, ya zauna a kai.

Daga tsakiyar ruwa na waiwaya,
ya zama ɗan ɗigo mai sunkuyen kai.

Ina ɗaure igiya a Rofiya aljihuna ya yi ƙara.
Tuta uku ya kawo bakin kogina,
sun tsaya cak, ba rami, ba inuwa,
'yan bakana na kallon su daga tudu.
A ƙasa ya rubuta:
"Har gobe a'a na zaɓa. Ka dawo da wuri, rana na yi."

Taku nawa ne.
Na mayar da wayar aljihu,
na fara kwarfe ruwa.